Farin Ruwan Sista Ndidi

Kullum da safe Sista Ndidi kan taso daga Barunde, ta buɗe wa masu gadin asibiti jakarta su leƙa, kamar yadda zamanin nan ya koya mana. Kafin ta gaisa da kowa sai ta wuce ɗakin gaggawa, ta ɗaga ledojin ƙarin ruwa tana duba su a hasken taga. A watan nan za ta yi ritaya.

Mu mutanen Gombe muna da namu likitancin: ruwan da babu sukari a ciki na marasa gata ne. Har da ni a masu wannan fatawa, ni da ko allura na hango sai in tuna ina da uzuri a gida.

Ranar da bam ya tashi a tasha aka shigo da Babayo, dillalin shanu daga Kagarawal, jini ya zuba har zuciyarsa ta tsaya. Likita ya hau danna masa ƙirji. Jijiyoyi duk sun kwanta, amma Sista ta laluba ta kamo guda, ta rataya farin ruwan gishiri, tana matsa ledar da hannu bibbiyu.

Sai ga yayansa Jibrilla, yana haki, da kwalin ruwan sukari daga kemis.

"Sista, cire wannan na talakawan! Ƙanena ba maraya ba ne."

"Alhaji, sukari ba ya cika jijiya," in ji ta, ko waiwayowa ba ta yi ba. "In kana ƙaunarsa, miƙo hannu. Jininka muke so."

Jibrilla, mai kayar da bijimi shi kaɗai, ya ga allura ya nemi kujera. Amma ya miƙa. Da ikon Allah zuciyar Babayo ta ci gaba da bugawa.

Sista, ke ce wadda danginki suka yi ta kira ki koma kudu, wai gari ya lalace, kika ce to wa zai nemo jijiyoyin? Ndidi mai hannun lalube, mun gode. Masu tasowa a aikin, ku koyi nutsuwar nan tata kafin ta tafi da ita gida.

Babayo kuwa duk Juma'a yana kawo mata kindirmo, da ƙorafinsa.

"Sista, a ce mutum ya leƙa lahira, a dawo da shi da ruwan araha?"

"Yi haƙuri, Malam Babayo. In za ka sake leƙawa, ka zo da wuri ka zaɓa."