Tsumman da na cusa a indararon soro

A shekarar da ruwa ya cinye gadar da muke bi zuwa kasuwar Gwaram na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da bakwai. A tsohon gidan hutun sarki da ke bayan garinmu ake mana karatu.

Kakanninmu sun ce sarakunan dā kan zo nan da bazara su huta da zafin birni. Gidan yana gindin dutse, tsamiyoyi sun yi masa inuwa, ga rijiya da ba ta ƙafewa. Yanzu soro ɗaya ne ya rage, sai katanga. Amma soro ne na gaske. Ginin tubali ne, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, an rufe shi da azara a kan bakan gizo huɗu, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufi. Ko da tsakar rana ka shiga, sanyinsa kamar cikin randa. Kakana ne ke yi masa yaɓe, ni kuma na gaji aikin.

Da rani rina suka yi gida a cikin indararo, suka addabi 'yan aji. Na hau na kore su da hayaƙi, na toshe indararo biyun da tsumma, da niyyar in cire kafin damina. Karatu ya ɗauke min hankali, na manta.

Ran da ruwan shuka ya sauko, tun asuba yake zuba har hantsi. Ina zaune ina bitar baƙaƙe sai ga dattijon da ke gadin gidan a ƙofata, ya jiƙe sharkaf.

"Malam magini, indararonka azumi yake yi ne? Ko ɗigo babu!"

Rufin ƙasa in ruwa ya kwanta masa, ruftawa yake yi. Na cusa littafina a aljihu, na saɓi tsani muka ruga.

Da na leƙa saman, ruwa ya taru kamar kududdufi. Na bi ta kan bango da rarrafe.

"Kada ka taka tsakiya, ɗan nan! In ka rufta ba ni da ƙarfin tono ka."

"Kai dai riƙe tsani, Baba."

Na fizge tsumman farko. Ruwa ya yi tsartuwa, ya sauka a kan hularsa. Yana ta faɗa, ni ko daɗi nake ji. Na rarrafa na fizge na biyun.

Kwana uku ina zuwa ina duba azara, ina taɓa bakan gizo ko zan ga tsaga. Ran na huɗu rufin ya bushe, muka shimfiɗa tabarmi aka ci gaba da karatu. Na gode wa Allah, ginin da kakana ya kula da shi bai faɗi a hannuna ba.

Abin da aka rasa shi ne zanko ɗaya na kusurwar gabas, yaɓen bango guda, tabarmi biyu, da littafina na farko da ruwa ya lalata a aljihuna, wanda a cikinsa na fara rubuta sunana.