Yarema Ba Ya Motsi Sai An Maimaita

Shekara talatin bango ɗaya ne tsakanina da su Yarema, siririn bango, ko cokali ya faɗi sai na ji. Shi Yarema injiniya ne a tashar lantarki ta nukiliya. Ranar da tashar ta fashe ya murɗa wani famfon ruwa bisa gaban kansa, bai gaya wa kowa ba. Masu bincike suka ce famfon bai ƙara komai ba, bai rage ba. Yarema bai yarda ba.

Ya fito asibiti ba gashi, jini ya lalace, likitoci suka ba shi shekara biyar. Sai ya kwaso dokar wurin aiki ya kawo gida: ba ya yin komai sai ya faɗa, wani ya maimaita, ya ce "Daidai."

"Odarka, zan kashe murhu."

"Za ka kashe murhu, sarkin tukwane," in ji matarsa.

"Ban ce sarkin tukwane ba."

Kafin su daidaita miyar kabeji ta ƙone, ni ke shan hayaƙin. Rannan Odarka ta tafi ƙauye haƙar dankali, mutumin nan ya yini tsaye a ƙofar banɗaki, sai da na maimaita masa ta bango. Ni da furfurata.

Da shekara biyar ta cika ya kwanta ya ce, "Odarka, zan mutu." Ta ci gaba da yankan albasa kamar kurma. Ya jira, ya gaji, ya tashi ya ci abinci. Haka suka riƙa yi duk shekara, har ya raka likitocinsa biyu makabarta.

Bara ciwon ya cinye shi, ko ruwa ba ya wucewa. Kwana goma sha ɗaya yana faɗin zai mutu, tana goge taga. Tausayinsa ya ishe ni, na tare ta na ce, "Baiwar Allah, ki sake shi mana." Ta zage ni tas.

Ran Lahadi da hantsi na ji muryarsa ta bango.

"Odarka, zan tafi."

Can sai na ji muryar Odarka.

"Za ka tafi, Yarema."

Na manna kunne ina jiran "Daidai." Bai faɗa ba, rai ya yi halinsa. Odarka ta ce tunda bai faɗa ba aikin bai kammala ba, har yau kwano biyu take ajiyewa a tebur.