Baba, Ya Cika

Da safen nan ina ɗaura takalmi saƙon murya ya faɗo gurup ɗinmu na tsofaffin ma'aikatan gona. Muryar Hauwa'u ce, babbar 'yar Baba Lawali, iska na kaɗawa fuu a bayanta: "Subhanallahi, Baba ya cika!" Sai saƙon ya yanke.

Na saki takalmin.

Baba Lawali shi ne shugabana na farko a wurin aiki. Watan jiya ya fito daga asibiti, hawan jini. Duk da haka ya kwashi iyalinsa suka tafi gonarsa ta Nahuce su kwana biyu a rumfa, yadda ya saba duk kaka. Mun hana shi, ya ce likita bai rubuta masa rabuwa da gero ba.

Na kira Hauwa'u, ba sabis. Na kira Inna Rabi, matarsa, haka nan. Kafin in fita daga Gusau gurup ya cika da Allah ya jiƙan rai, wani har ya sa hotonsa.

Ina tuƙi kan hanyar Bungudu zuwa Nahuce, ba abin da ke zuwa mini sai haɗuwarmu ta ƙarshe.

Na gaya masa ina son kai yarana gonar Kucheri mu kwana, amma iskar wurin ba ta barin wuta. Ya ce in zo mu je kasuwa. Dattijon nan ya zo da mafici a aljihun babbar riga! Duk murhun sifirit ɗin da mai shago ya kunna, sai ya tsuguna ya yi ta fifita shi da ƙarfi. Wanda wutarsa ta mutu ya ture shi gefe.

"Wanga na ɗaki na, ba na daji ba," in ji shi. "Ɗauki wancan da tukunya ka zama cikin garkuwa tai, iska ba ta ganin wutar."

Shi na ɗauka, da tukwanensa biyu da 'yar butar shayi, duk suna shigewa cikin juna.

Muka biyo gidana tare. Da maiɗakina ta ji cewa sifirit dangin barasa ne, ta ce ba a gidanta ba. Baba ya yi dariya har da tari: "Ɗiyata, wa ya ce ki sha? Ƙone ta za ki yi. Wa ya hi ki lada?"

Ya kuma ja mini kunne cewa wutarsa ba ta ganuwa da rana, kar in ƙara mai sai murhun ya huce.

Na tsaya a gefen titi na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Na isa gonar ina shirin ganin taro. Ba kowa sai su. Ga Baba Lawali a kan tabarma, ya miƙe ƙafa, yana hura shayi.

"Kai kuma lahiya? Mi ya samu idanunka?"

Ashe Hauwa'u na cikin ɗaukar saƙon gaisuwa ne zuwa gurup ɗinmu, shi kuma yana tsiyaya sifirit a murhu ba tabarau. Ta ga zai zube ta yi ihu, "Baba, ya cika!" Yatsanta ya zame, saƙo ya tafi, sabis kuma ya ɗauke. Murhu ne ya cika, jama'a. Murhu!

Na zube a kan tabarmar ina dariya ina hawaye. Inna Rabi ta kama baki, Hauwa'u ta ruga kan tudu neman sabis.

Da na nuna masa abin da mutane suka rubuta, ya karanta a hankali. Can ya ce, "Ashe haka kuka sona? To mi ya sa ba ku hwaɗi ba ina ji?"

Shi ya sa na rubuta wannan yau, ban jira ba. Baba, ka riƙe ni kamar ɗanka tun ban san komai ba, kuma ina ƙaunarka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja kwananka cikin imani, ya sa idan ranar ta zo ka cika da kyau. Duk wanda ya rubuta Allah ya jiƙa ɗazu, don Allah ya dawo ya yi masa addu'ar tsawon rai. Wayar na hannunsa, yana karantawa.