Rabon Shagon Rahamatu Likitar Shanu

Ni dai kowa a Kanya Babba ya san ba na shiga abin da ba ruwana. Amma in na haɗiye zancen Rahamatu, wallahi sai cikina ya fashe.

Rahamatu ita ce wadda makiyaya ke kira Likitar Shanu. Ta yi karatun lafiyar dabbobi, ta dawo ta buɗe shagon magani a jikin gidan mijinta, Ashiru. Mace ce 'yar firit, amma in ta damƙi hancin bijimi sai ka ga ya durƙusa kamar ya zo gaida surukai. Daga nan har rugagen Yankwashi, saniya ba ta isa ta yi tari ba a buga mata waya ba. Shi kuwa Ashiru aikinsa ɗaya ne, ya goya ta a babur, in sun isa ya nemi inuwa ya sha fura har ya sassauta tazuge. Nonon da mutumin nan ya shanye a ruga, da tarawa aka yi, ya isa a yi noman rani da shi.

Abin da ya raba su ba wani abu ba ne, 'yan majalisar hirarsu ne suka dame shi da "mijin Likita". Ran nan ya shigo gida a kumbure, ya danƙara mata saki.

To, sai rabon shago. Kawu Daudu, wan mahaifinta, ya zauna da dattawan gidan su Ashiru a zaure, suka yanke hukunci irin na kwashe kayan ɗakin mace: abin da ke ɗaguwa nata ne, abin da ke manne da gini nasa. Ta samu firij da sirinji da kwalaben magani, ya samu shago da kantar jera kaya da solar da ke kan rufi. Firij a gabas, wutarsa a yamma. Dattawa suka shafa gemu, wai an yi adalci.

Rahamatu ta ce, "Kawu, a bar masa firij ɗin, a bar masa komai. Layin wayar shago kawai nake so. Shi mutanen ruga suka sani."

Kawu Daudu ya zaro ido. "Ke Rahamatu, lafiyarki? Firij sukutum za ki bayar a kan abin da bai kai farcena ba?"

Ashiru ya yi ƙasa da kai kamar na Allah. "Kawu, ni ba na son rigima. Amma layin nan ko ina aka je, fuskata ce a jiki."

Kuma gaskiya ya faɗa, ɗan banza. Lokacin da aka matsa kowa ya yi wa layinsa rajista, Rahamatu tana jego, shi ya je ya yi da sunansa. Aka tashi taro, firij a kan amalanke, layi a aljihun Ashiru.

Ta so ta bi rugage da kanta ta ba su sabuwar lamba. Kawu ya ce 'yar gidansa ba ta hawa bayan ɗan acaba ta shiga daji tana cikin idda, ko da shanun duniya za su ƙare. Ga damina ta faɗi, lokacin da ciwo ke bin garke. Waya ta dinga ruri a aljihun Ashiru har rigarsa na rawa. Duk wanda ya kira sai ya ce, "Likita ba ta jin daɗi, ita ta aiko ni." Ya ɗinko farar riga, ya saro magani a kasuwa. Shi a ganinsa, daga inuwar da yake zama, aikin duka soka allura ne. Maganin da ake yi wa bijimi, shi ya ɗirka wa maruƙan Arɗo Lauwali, dattijon da ya fara yarda da ita tun tana sabuwar likita. Kafin sati, angulu sun yi sallah a rugar.

Da ta gama idda ta haɗu da Arɗo a kasuwar Babura. Ta durƙusa har ƙasa.

"Baffa, wallahi ba ni na aiko shi ba. Mun rabu tun kafin damina."

Arɗo ya jingina da sandarsa, bai ko ɗaga murya ba. "Likita, Allah ne ya ba ni, shi ya karɓa. Ni ban san rabuwarku ba. Lambarki na kira." Ya juya ya shige cikin masu awaki.

Ashiru ya cire farar riga, ya cika shagon da taliya da omo, yana ta ciniki abinsa, babu mai tuna shi ya riƙe sirinjin. Rahamatu kuwa yanzu gida-gida take bi tana yi wa kaji rigakafi. A nan ɗin ma sai matar gida ta riƙe kazarta gam, ta ce, "Likita, ba dai irin na maruƙan Arɗo ba ne ko?"