Ranar da Malama ta shiga kanal ɗinmu

Ni ɗan hadda ne. A makarantar allon mahaifina, a wani ƙauye kusa da Bunkure, babu wanda ke rigana wanke allo, kuma da wannan kan na ci digirin farko a ilimin duwatsu. Sai da na shiga digiri na biyu, ɓangaren man fetur, asirina ya tonu.

Aikina shi ne in karanta sandunan dutsen da aka zaƙulo daga wata rijiyar gwaji ta arewa maso gabas, in faɗi irin ruwan da ya jibge su tun kafin a yi mutane, da inda mai zai iya maƙalewa a ciki. Ranar da na tsaya gaban malamai na zuba musu littafi tiryan-tiryan. Wani farfesa ya miƙo min guntun dutse ya ce in nuna masa samansa da ƙasansa. Na juya shi, na sake juyawa, na kasa bambance su. Aka ce in sake shiri, dama ɗaya ta rage min. Ni kuwa na tattara kayana na koma gida ban yi wa kowa sallama ba, na ce wa mahaifina an yi hutu. Shi kuwa sai ya ba ni shebur.

Lokacin an rufe ruwa ana yashe kanal ɗin da ke kai ruwa gonakinmu. Ina ciki, taɓo har gwiwa, sai ga adaidaita sahu tana tangaɗi a kan hanyar gona. Malamar da ke duba aikina ce ta sauko, 'yar gajeriyar mace mai gilashi, wadda ko dariyarta ɗalibai tsoro suke ji. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ba ta ko kalle ni ba. Ta gaida mahaifina cikin ladabi, ta tambaye shi tumatir da almajirai, sannan ta tuɓe takalmi, ta tattare zani ta gangaro cikin kanal. Masu yashe duk suka tsaya.

"Sara min nan," in ji ta, tana nuna tudun laka a gefen kwana. "A miƙe, kamar kana yanka alkaki."

Na sara. Ta sa yatsa a kan wani layin rairayi mai kaushi.

"Me ya faru a nan?"

"An buɗe ruwa ne, Malama. Da ƙarfi yake zuwa, sai manyan ƙwayoyin rairayi su zauna."

"Wannan laushin da ke kansa fa?"

"Ruwan ya fara rage ƙarfi. Baƙar lakar nan kuma an rufe ƙofar ruwa, ya kwanta."

"To ina sama, ina ƙasa?"

Abin da farfesan ya tambaye ni ke nan, ga shi a gabana, a wurin da nake wanka tun ina yaro: mai kaushi a ƙasa, laushi a sama, laka ta rufe. Ta ce kogunan da suka jibge duwatsuna haka suka yi, girma kawai suka fi shi. Mai yana zama a ramukan rairayin, lakar ta danne shi kamar murfin tukunya. Muka yi ta sara har azahar, tana tambaya ina amsawa, in na kawo mata kalmar littafi ta ce, "Ban tambaye ka Turanci ba, me ka gani?" Har yau ban ga mai koyarwa irinta ba, kuma ina ƙaunarta saboda wannan yinin.

Kafin ta fito, labari ya zaga gonaki cewa gwamnati ta turo a duba mai. Wani maƙwabcinmu har ya fara kallon albasarsa a wulaƙance. Mahaifina ya kawo mata ruwa a buta ta wanke ƙafa, ya tambaya a hankali.

"Malama, da gaske akwai mai a nan?"

"Ko ɗigo babu, Malam. Ƙarƙashinku dutse ne tsagwaronsa. Ku riƙe shinkafarku."

"To me ya kawo ki tun daga birni?"

"Ɗalibina ne ya ɓace min."

Nan mahaifina ya gane irin hutun da aka yi. A lokacin kuwa yana bukatar hannu ƙwarai: ga yashe, ga dashe na tafe, ga ciwon baya da ke hana shi sunkuyo. Na riga na shirya cewa zan zauna in taya shi, kuma na san ba ƙarya zan yi ba.

Ya daɗe yana kallon wurin da muka sassara. Sannan ya naɗe ƙafar wandonsa, ya gangaro a hankali, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ya zare shebur ɗin daga hannuna.

"Je ka wanke jikinka," ya ce. "Ba a barin malami a tsaye."