Jininki Yana Hannun Wasu, Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ranki, Yaya, bayan bugun zuciya da bai ba mu ko damar yin jinya ba. Kafin a kai ki makwanci har an fara lissafa maƙalun da kika wallafa, ana cewa an yi rashin gwana a fagen gyaran ƙwayoyin halitta da koya wa garkuwar jiki yaƙi da sankara. Duk gaskiya ne. Sai dai ni ƙanwarki ce, ciki ɗaya, kuma duk wanda ya zauna yana ba ni labarinki, sai in ji kamar baƙo ne ya shigo gidanmu yana nuna mini inda randa take.

Ni na san ki tun kina yi mini kitso da littafi jingine a bayana. In na motsa in sha ranƙwashi, ki ce, "Auta, za ki ɓatar mini da shafi." Ke kika koya mini karatu. Shekarar da na faɗi jarrabawa na ƙi cin abinci, ke ma kika ture kwanonki, kika ce sai mu ga wanda zai fara sarewa. Ni na fara.

Da na tambaye ki wai me kuke yi a ɗakin binciken nan da ya cinye ki, cewa kika yi, "Masu gadin jiki muke horarwa. Sankara tana yi musu shigar 'yan gida, sai su bar ta ta wuce. Mu kuma mu ɗebo su daga jini, mu gyara rubutun da ke cikinsu, mu mayar da su da idon gane ta." Na gane sarai, kuma tun ranar na tsani masu gadin nan. Ba su san Asabar ba, ba su san Lahadi ba, kullum sai an ciyar da su. Ranar da na haihu sai da yamma kika iso, da auduga manne a gwiwar hannunki. Masu ba da jinin gwaji ba su zo ɗakin binciken ba, kika naɗe hannun riga kika ba da naki. Kika karɓi jaririn da hannu ɗaya kina dariya, ni kuwa audugar nake kallo.

A zaman makoki na ga wata likita tana kuka har ta fi ni, abokan aikinki sun kewaye ta suna cewa, "Yi haƙuri, Auta." Na waiga, na ɗauka da ni suke. Ashe kina da wata Autar, Yaya, ba ki taɓa faɗa mini ba.

Ita ce ta dawo bayan an watse, ta durƙusa gaban Inna. Ta ce jinin da kika riƙa bayarwa ba duka aka yi aiki da shi ba. Akwai ƙwayoyinki a ƙananan kwalabe cikin tankin sanyi, a daskare amma da ransu, kuma a kansu ake gwada sabon maganin da kika rasu kina haɗawa. Ta ce kin taɓa gaya musu in ta Allah ta kasance a tambaye ni, ko a ci gaba da aiki da su ko a lalata. Inna ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Ku sakar mini 'yata ta huta gaba ɗaya." Na ce haka za a yi, kuma har ga Allah na ji daɗin samun abin da zan ƙwace daga hannunsu.

Na je ɗakin binciken da wannan niyyar. Na tarar da takalmanki na aiki a ƙarƙashin tebur, farar rigarki a rataye, firji na ta gurnani. Likitar ta ce ƙa'ida ta hana mutum taɓa ƙwayoyin jikinsa, don haka ke ba ki taɓa renon naki ba, ita ce ke renonsu. Ta zaunar da ni gaban madubin da ke ƙara girman abu, ta sa wani ɗan faranti mai ɗauke da ƙwayoyinki da aka narkar daga sanyi tun kina raye. Na ga wasu 'yan ƙanana masu haske sun yi wa wata ƙatuwar ƙwayar sankara rubdugu, suna motsi a hankali. Motsi, Yaya. Mun rufe ki da ƙasa, ga shi kina motsi a ɗakin wasu.

"Haka take," in ji likitar. "Ba ta sakin abu sai ta ga bayansa."

Na so in ce mata ta rufe mini baki, ni za ta gaya wa halinki? Amma na kasa ɗauke idona. Na tambaye ta har yaushe na cikin tankin za su kai. Ta ce in an kula da su suna iya fin mu daɗewa.

Na ce su riƙe. Kada wani ya yabe ni, ban faɗa da daɗin rai ba, kuma ba marasa lafiyar da ke jiran maganin na tuna ba a lokacin. Bakina ne kawai ya kasa yanke miki mutuwa ta biyu. Da na gaya wa Inna sai ta juya fuskarta bango, har yau gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ilimin da kika bari ya zame miki sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, Allah Ya sanyaya zuciyarta, Ya sa ta huce da ni. Ina yi wa mijinki da 'ya'yanki ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙurin rashinki, Ya raya su bisa tarbiyyarki.

Ku kuma mutanen ɗakin bincike, na rasa irin gaisuwar da zan yi muku, domin ku ba ku rasa ta duka ba. Gobe da safe za ku buɗe ƙofa ku same ta, ku ciyar da ita, ku ga ko ta kwana lafiya. Ku riƙe ta da amana. Allah Ya ba ku ladan abin da Ya hana ni.