Akushin da Baba ya hana a sayar

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Sale masassaƙi, a ƙauyenmu da ke gefen Bagwai. Allah Ya jiƙansa. Na so in yi masa addu'a kawai in yi shiru, amma raina a ɓace yake, gara in faɗi dalili.

Manomi ne da damina, da rani kuma ya ɗauki gizago. In ya samu kututture, sai ya kwana biyu yana jujjuya shi bai sari ko'ina ba, wai yana duban inda icen ya nufa. Ya yi turmi, ya yi kujerar mata, ya yi wa maharba kan burtu. Amma akushi ne abin alfaharinsa: baƙi wuluk, baki siriri, a kan murfin kuma zabi a jere, kowace da yadda ta karkata wuya.

A shekarun fari, da rumbuna suka ƙare, 'yan birni suka riƙa zuwa da mota suna kwashe kayan mutane a bakin mudun dawa. Mun ci dusa a gidanmu. Baba ya sayar da awaki, ya sayar da keke, yana kallo akusansa suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ya hana, wanda ya sassaƙa wa Inna, mahaifiyarmu. Mai sayen ya ƙara mudu, Baba ya ce, "Alhaji, ku bar mana abin da za mu ci a ciki in Allah Ya kawo."

Wannan akushin na tarar bara a bayan ɗaki, kaji na shan ruwa a ciki. Na tambayi yayana Habu, ya ce ai yanzu kowa kular abinci da kwanon roba yake amfani da su, ko kunya bai ji ba. Mu ke nan. Robar da rana ɗaya za ta fasa muna goge ta muna adanawa, aikin hannun ubanmu kuma mun bar wa kaji. Na ga irin waɗannan akusan a bangon wani otal a birni, an haska su da fitila, babu sunan ko mutum ɗaya da ya sassaƙa su. Da Baba zai leƙo yau, ban san wanne zai fi ƙona masa rai ba.

Na yi wa Habu tatas, na ɗauko akushin zuwa gidana a Bacirawa. Na wanke shi da sabulu, na kulle shi a kabad ɗin gilashi, duk baƙon da ya zo sai ya sha labari. Wata shida ya yi a nan. Wata safiya na duba, ya tsage daga baki har gindi.

Na kai wa Inna, ina shirin ɗora laifin a kan kaji. Ta shafa tsagar da yatsa, ta ce, "Sau nawa ka ci tuwo a ciki?"

Na ce ko sau ɗaya.

"To ai man miya ne abincinsa. Ice ne, in ya bushe sai ya buɗe. Mu nan ko ruwa yana samu."

Har yau ban huce da Habu ba, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. Sai dai abin da ya tsira daga yunwa da 'yan birni, a hannuna, ni mai yawan faɗan, ya tsage. Na zagaya ƙauye uku ina neman wanda zai ɗinke shi, ban samu mai gizago ko ɗaya ba.

Abin da ya rage mana na Baba ke nan. Yanzu kullum a cikinsa ake zuba min tuwo, ina ci, miyar tana yoyo a kan tabarma.